Sojojin Dalma a Landan da Barden Kabi da Ban Samu Ba

Na yi shekara talatin da biyu ina koyar da tarihi a makarantun sakandare na ƙasar Argungu, kuma a duk tsawon wannan lokaci babu abin da ya fi ba ni wahala kamar in sa yaro ya ga fagen fama da idon zuciyarsa. Idan muka zo darasin yaƙin Alwasa na 1805, ko faɗuwar Sakkwato a hannun Turawa ranar 15 ga Maris 1903, nakan aiki ɗalibai bakin Matan Fada su ɗebo yumɓu, mu gina dawaki da mahayansu, mu jera su a kan yashi a tsakiyar aji, ƙirare su zama masu, tsinken tsintsiya ya zama kibau. Yaron da ya gina doki da hannunsa ba ya manta inda barade suka tsaya da inda 'yan baka suka durƙusa. Ɗana na biyu yana cikin waɗanda suka kwaɓa wannan yumɓu, shi ya sa da ya sami aiki a wani asibiti a Landan, ya aiko mini da takardar gayyata bayan na yi ritaya, sai ya ce a waya: "Baba, ka daidaita zuwanka da farkon Disamba, akwai wata kasuwa da nake so ka gani, domin irin dawakinka na yumɓu ne kaɗai ake sayarwa a cikinta."

Na bar gida a ƙarshen Nuwamba, hunturu ya fara busawa, manoman fadama suna ta yankan shinkafa. Mota ta kai ni filin jirgin sama na Ambursa kusa da Birnin Kebbi, daga nan na sauka Abuja, sannan muka yi tafiyar awa shida da wani abu zuwa Landan. A cikin jakata, naɗe a tsohon rawani, akwai jar darar mahaifina da hotonsa guda ɗaya, domin Allah ya jiƙansa yana cikin 'yan ƙasar nan da aka kwasa zuwa yaƙin Bama, kuma na ƙudurta a raina cewa idan har ana ƙera sojojin duniya ƙanana, to zan nemi irinsa a cikinsu.

Ranar Asabar da hantsi muka shiga jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin ƙasa, muka fito a tashar Chalk Farm da ke yankin Camden, inda ake cin wannan kasuwa a babban ɗakin taron wata makarantar sakandare. Tun daga bakin ƙofa na lura cewa yara kaɗan ne. Yawancin waɗanda ke layi dattawa ne masu furfura, sa'o'ina ko waɗanda suka girme ni, wasu da sanda, wasu da jakar goyo a baya, kusan kowa da ƙaramin madubin ƙara girman abu a aljihu. Da muka shiga sai na tsaya cik, domin tebura ne jere bayan jere, kowanne shimfiɗe da zane, a kansa kuma runduna ce ta mutane da tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba: masu jajayen riguna da doguwar hular gashi, mahaya da takubba a zare, makaɗan badujala kowanne da abin busarsa, igwa da alfadaran da ke janta, har da likitoci da masu ɗaukar raunana a kan makara. Babu hayaniya irin ta kasuwarmu ta Juma'a. Ciniki ake yi ƙasa-ƙasa, mutum ya ɗauki soja ɗaya ya juya shi a hankali kamar yadda dillalin azurfa yake duba munduwa.

Teburin da na fi daɗewa a gabansa na wani dattijo ne mai sayar da tsofaffin kayan kamfanin Britains, kuma shi ne ya buɗe mini kan lamarin. Da ya ga ina kallo ban taɓa komai ba, sai ya ɗauko wani mahayi ya ɗora mini a tafin hannu, na ji shi sakayau, bai kai nauyin da idona ya ba shi ba. Ya nuna mini wata ƙaramar huda a saman kan sojan, ya ce a nan duk sirrin yake. Kafin 1893 Jamusawa ne ke riƙe da wannan sana'a, suna zuba sojojinsu cike da ƙarfe, ga nauyi ga tsada. A wannan shekara ce William Britain ƙarami ya fito da dabarar zubi mai rami a ciki: a narka dalma a zuba cikin mazubi, a ɗan juya shi, sannan kafin tsakiyar ta daskare a kifar da shi, narkakken ƙarfen ya tsiyaye ta wannan huda, sai ɓawon da ya taɓa jikin mazubi kaɗai ya rage. Ƙarfe kaɗan ya shiga, kuɗin dako ya ragu, yaron ɗan talaka ya iya sayen akwati guda. Na daɗe ina jujjuya wannan mahayi, domin duk wanda ya taɓa zama a rumfar masu zubin tukwane a garinmu zai gane cewa aikin hannu ne da sanin lokaci, idan ka yi jinkirin ƙiftawar ido ya cika, idan ka yi gaggawa ya fito da ɓaraka.

Shi ne kuma ya koya mini ma'aunin da suke magana da shi. Sojan Britains mai tafiya a ƙasa tsawonsa milimita 54 ne, wato kashi ɗaya cikin 32 na tsawon mutum, kuma wannan ya zama mizanin da sauran maƙera suka bi. Sababbin da ake yi yanzu domin manya masu tarawa, irin na kamfanin King & Country da aka kafa a Hon Kon, sun ɗan fi girma, suna kai milimita 60, fentinsu kuma ba ya ƙyalli, ana fitar da kowace tamoji ta fuska da kowane kunkurun riga. Tsofaffin kuwa fenti mai sheƙi ne, kumatu da ɗigon ja, kuma mata ne suka fenta yawancinsu, wasu a masana'anta wasu a gidajensu ana biyansu gwargwadon abin da suka gama. Abin da ya ba ni mamaki shi ne darajar da suke ba tsufa. Sojan da fentinsa na asali ya ɗan kankare ya fi wanda aka sake wa fenti tsada nesa ba kusa ba, kuma idan jan akwatinsa na kwali yana nan da takardar da ke manne a murfi, sojojin suna ɗaure da zaren da aka ɗaure su da shi tun daga masana'anta, to kuɗin ya ninka. Ya gargaɗe ni game da wata cuta da ke kama dalma idan an ajiye ta wuri mai laima ko cikin akwatin wasu irin itatuwa, sai ka ga farin gari yana fitowa daga ƙarƙashin fenti, soja yana rububa har ya rushe.

Da ya ambaci cewa kamfanin ya daina yin waɗannan sojojin dalma a 1966, lokacin da aka tsananta doka kan kayan wasan yara kuma roba ta riga ta mamaye kasuwa, sai zuciyata ta koma gida. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara ba ma buƙatar a yi mana bayanin dalma. A 2010 ne aka gano cewa ƙurar duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, tana ɗauke da gubar dalma, kuma ta kashe yara aƙalla ɗari huɗu, wasu da yawa ta bar su da lalurar da ba ta warkewa. Ina riƙe da wannan mahayi mai kyau, ina tuna cewa yaran Ingila sun yi shekara saba'in suna sa irinsa a baki kafin hukuma ta hana, mu kuma darasin ya zo mana ta hanya mafi muni. Na mayar masa da shi, na nemi wurin wanke hannu kafin in ci komai, kuma tun a nan na yanke cewa duk abin da zan saya ba zai shiga hannun jikokina ba.

Akwai teburan da na wuce da sauri, musamman na sojojin roba na kamfanonin Airfix da Timpo, waɗanda ake sayarwa cikin leda kamar gyaɗa. Na ɗan tsaya wurin wani mai kayan Jamus, inda na ga sojojin kuza masu faɗi kamar ganye, an zana su gaba da baya amma ba su da kauri, irin waɗanda birnin Nuremba ya yi suna da su, na kuma ga waɗanda ake kira Elastolin, da aka yi da garin katako da danƙo a kan ƙashin waya. Ganin kuza ya tuna mini da ramukan Jos da Bukuru, inda kakanninmu daga wannan yanki suka je aikin haƙa, wasu da son ransu wasu kuma aikin tilas a lokacin yaƙin duniya na biyu, ana loda ta a jirgin ƙasa zuwa teku.

Daga nan na shiga abin da ya kawo ni. Na bi tebura ina tambayar sojojin Afirka, kuma ba a rasa ba, sai dai abin da aka nuna mini ya koya mini wani abu da ban zo nemansa ba. Zulu suna ko'ina, da garkuwarsu ta fata da gajerun masu, saboda yaƙin Isandlwana da na Rorke's Drift na Janairu 1879 sun zauna daram a zukatan Ingilishi. Ansar na Mahadin Sudan ma suna nan da rigunansu masu faci, ana jera su a gaban bindiga mai ruwa kamar yadda aka yi a Omdurman a 1898. A kan wani teburi na ga jerin sojojin Gabashin Afirka da Britains ta yi, baƙaƙe da jar dara da gajeren wando. Amma duk inda na ce Sakkwato, ko Kano, ko Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada ranar 27 ga Yuli 1903, sai a girgiza kai cikin ladabi. Da na ce Kabi kuwa, na ambaci Kanta da ganuwar duwatsu ta Surame, da yadda ya tsaya wa Askiya na Songhai a ƙarni na 16, sai na ga mutanen da suka san yawan maɓallan rigar kowace bataliyar Napoleon suna saurarena kamar ina ba su tatsuniya. Ban zarge su ba, domin mutum yana ƙera abin da aka rubuta masa ne, aka zana masa, aka kuma nuna masa cewa akwai mai saye. A wannan ɗaki dai, ɗan Afirka yakan samu gurbi ne idan ya yi yaƙi da Bature a ranar da jaridun Landan suka ba da labari, ko kuwa idan ya sa kakin Bature.

Can wajen lokacin da muke la'asar a gida, wanda a Landan a watan Disamba daidai yake da faɗuwar rana, muka isa wani ƙaramin teburi a lungu, na wani mutum mai zuba nasa sojojin a gida yana fenta su da kansa. A cikin kayansa na hango shi: baƙin soja tsaye ƙyam, jar dara a ka, 'yar shara ja mai bakin rawaya a kan kaki, jan ɗamara a ƙugu, gajeren wando, bindiga a kafaɗa. Kayan faretin Rundunar Afirka ta Yamma ke nan, wadda Lugga ya fara haɗawa a 1897, mai tambarin itacen kwakwa. Na buɗe jakata na warware rawanin, na ajiye darar mahaifina da hotonsa kusa da sojan. Mutumin ya cire tabarau ya sunkuya, ya nemi izini kafin ya taɓa darar, ya duba ɗinkinta ciki da waje, sannan ya kira maƙwabtansa biyu su zo su gani. Na ba su labarin yadda runduna ta 81 ta ratsa kwarin Kaladan a 1944, sojoji suna ɗauke da kaya a ka a dajin da mota ba ta shiga, da yadda runduna ta 82 ta bi sahunta har aka ci Myohaung a Janairu 1945, na kuma gaya musu cewa da Hausa ake ba da umarni a bataliyoyin Najeriya, kuma har gobe akwai barikoki a ƙasarmu masu ɗauke da sunayen wuraren da aka gwabza a Bama. Ɗayansu ya fitar da ɗan littafi yana rubutawa. Ɗana ya matso ya ce a hankali: "Baba, tun ina yaro ban taɓa jin ka ba da labarin Kaka da tsawo haka ba." Na sayi sojan, mai shi kuma ya tabbatar mini cewa ƙarfensa na zamani ne wanda kuza ta fi yawa a ciki, babu dalma.

Washegari muka je gidan tarihin sojojin Birtaniya da ke Chelsea domin in ga abin da dattijon farko ya ce kada in koma gida ban gani ba, wato taswirar yaƙin Waterloo na 1815 da Kyaftin William Siborne ya kammala a 1838. Fili ne guda da tuddai da gonaki da gidaje, ɗauke da sojojin ƙarfe kimanin dubu saba'in, kowanne bai fi ƙwayar wake ba. Siborne ya zauna a filin yaƙin watanni yana aune-aune, ya rubuta wa ɗaruruwan hafsoshin da suka halarta yana tambayar kowa inda yake tsaye da abin da ya gani. Duk da haka, da aikin ya nuna yawan sojojin Furusiya, wata daular Jamusawa, da suka iso filin suka taimaka aka karya Napoleon, manyan Ingila ba su ji daɗi ba, kuma daga baya ya cire da yawa daga cikinsu. Na tsaya a gaban gilashin ina kallon wurin da aka kwashe su, na tuna ajina da yashinsa, inda ni ma nake zaɓen wanda za a gina da wanda za a bari. A garin da Kabawa da mutanen Gwandu da Sakkwato suka yi shekaru suna gwabzawa kafin zumunci ya dawo, har Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a 1934 aka yi masa bikin su, malamin tarihi ya san nauyin wannan zaɓi.

Akwai tambayar da na san duk mai karatu Musulmi zai yi, domin ni ma na yi wa kaina ita tun ina cikin jirgi, wato hukuncin ajiye surar mai rai. Da na dawo na kai maganar gaban malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa, na ajiye sojan a gabansa. Ya ce: "Malam, hanin da ya zo a kan sassaƙa surori mai ƙarfi ne, kada ka ɗauke shi da wasa." Sannan ya kawo hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, da 'yan tsananta da dokinta mai fukafukai wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani ya yi dariya, ya ce a kansa ne malamai da yawa suka yi rangwame ga kayan wasan yara da abin da ake koyar da su da shi, ya kuma shawarce ni kada in kafa shi a ɗaki don ado ko girmamawa. Na karɓi wannan, sojan yana cikin akwatin ƙarfen mahaifina tare da darar, ba ya fitowa sai idan za a yi bayani.

Mako guda bayan dawowata na koma gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, wadda sarakunan Kabi suka zauna a cikinta har 1942 kafin a mayar da ita gidan tarihi a 1958. Na sha shiga wurin da ɗalibai, amma wannan karon na je da igiyar awo da littafi, na auna tsawon masu da takubba da bakuna, ina raba kowane awo gida 32. Na zana barde a kan dokinsa kamar yadda muke ganin 'yan lifida a hawan sarakunanmu: lifidi mai cushen auduga ya rufe doki har gwiwa, kwalkwali a kan mahayi, sulke a ƙarƙashin riga, sirdi mai tudu gaba da baya, likkafa mai faɗi.

Da zanen da sojan na tafi rumfar wani maƙerin fari, dattijo ne da ya gaji zubin likkafa da kayan adon doki daga mahaifinsa. Ya karɓi sojan ya kai shi bakin ƙofa wurin haske, ya bi layin da ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu da farcensa, ya ce: "Malam, wannan ai ba gagara ba ne, sai dai mu da kakin zuma muke fara siffanta abu, mu lulluɓe shi da yumɓu, mu narke kakin mu zuba ƙarfe a gurbinsa, kowane ɗaya da nasa mazubin." Na ce masa: "Baba, sharaɗina ɗaya ne, kada dalma ta shiga ko kaɗan." Muka daidaita a kan tagulla, da kuma cewa za a bar fuskar mahayin a rufe da amawali. Zubin farko ya fito da ƙafar doki ta baya guntuwa saboda ƙarfen ya daskare kafin ya kai ƙarshe, mashin kuma ya karye wurin fasa yumɓu. Ya juya shi a hannu, ya ce hanyar da ya bar wa ƙarfe ta yi siriri, kuma mashin gara a ƙera shi daban da waya a soka a hannun barde daga baya. Ya ce in dawo ranar Alhamis da ƙarin kakin zuma da gawayin ƙirya.